Darasi na 7: Haƙo Labari Daga Rayuwar Ɗaliban Manyan Makarantu

Zuwa yanzu kun san yadda ake gina labari idan an riga an same shi: wane ne, me ya faru, a ina, yaushe, ta yaya, kuma don me. Abin da ya rage, wanda kuma shi ya fi ba sabon ɗan jarida wahala, shi ne samo labarin tun farko. Kowace safiya edita zai dube ka ya ce, "Yau da me ka zo mana?" Wanda ya saba amsawa da "yau gari shiru" ba ya daɗewa a ɗakin labarai.

Za mu yi gwajin wannan darasi a kan ɗaliban jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Dalili kuwa, da wuya a samu ɗaya a cikinmu da ba shi da ɗa ko 'ya ko ƙane a ɗaya daga cikin makarantun nan, ke nan majiya tana cikin gidanmu. Dalili na biyu shi ne an yi wa ɗaliban nan rowar labari. Galibi ba a jin su a rediyo ko jarida sai malamansu sun tafi yajin aiki, ko an rufe makaranta saboda tarzoma, ko ranar bikin yaye. Duk abin da suke sha tsakanin waɗannan ranaku yana wucewa ba wanda ya rubuta.

Batu daban, labari daban

Idan aka ce wa aji irin wannan kowa ya kawo shawarar labari a kan ɗalibai, amsoshin da ke fara fitowa kusan kullum iri ɗaya ne: tsadar rayuwa, yajin aiki, shaye-shaye, rashin tsaro, satar jarrabawa. Duk gaskiya ne, amma babu ɗaya a ciki da edita zai iya tura wakili a kai. In an ce maka je ka yo rahoto a kan "tsadar rayuwa", ƙofar wa za ka fara ƙwanƙwasawa? Waɗannan batutuwa ne. Batu yana zama labari ne idan an matse shi har ya fitar da abu huɗu: mutumin da abin ya shafa, wurin da za a same shi, adadin da za a iya ƙirgawa, da jami'in da ya wajaba ya yi bayani.

Mu ɗauki tsadar rayuwa mu matse ta. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi a ko'ina. To, ga ɗaliba tana zaune a gidan iyayenta a Kurna ko Hotoro a Kano, karatunta kuma yana sabuwar Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo. Adaidaita sahu nawa take hawa kafin ta isa? Nawa take kashewa zuwa da dawowa a da, nawa ne yanzu? In lakcarta ta farko ƙarfe takwas ce, ta ƙarshe kuma ƙarfe huɗu, me take ci a tsakani? Kwana nawa a mako take zaɓar ta zauna a gida ta kwafi darasi a wajen ƙawarta don kuɗin bai kai ba? Ga mutum, ga wuri, ga lissafi. Saura mai amsawa: shugaban sashen kula da harkokin ɗalibai, wanda za a tambaya motoci nawa makaranta take da su na jigila kuma nawa ne ke aiki, shugaban direbobin tashar, da shugabannin ƙungiyar ɗalibai. Yanzu edita zai iya cewa, "Je ki, ki kawo min ranar Alhamis."

Ku lura ba mu yanke hukunci ba tukuna. Ba mu ce ɗalibai na fashin lakca ba, tambaya muka yi. Shawarar labari mai kyau tambaya ce wadda ba ka san amsarta ba, amma ka san inda za ka je ka samo ta. Wanda ya fita daga gida da amsarsa a aljihu zai dawo da ra'ayinsa ne kawai, ya liƙa masa muryoyin mutane.

Inda ake tsintar labari

Ofishin yaɗa labarai na jami'a yana da amfaninsa, amma abin da zai ba ka shi ne abin da hukuma take so a ji. Labarin ɗalibai yana wajen da ɗalibai suke zama. Ku je teburin mai shayi da ke bakin ƙofar makaranta bayan sallar isha'i, ku sayi shayi ku zauna, kada ku fito da rikoda. Ku tambayi mai shayin ko yana da littafin bashi, kuma a wane lokaci na zango littafin ya fi cika. Mai garau-garau da mai awara da mai ɗanwake sun fi kowane jami'i sanin ranar da aljihun ɗalibai ya bushe. A bakin ɗalibai za ku ji ana cewa wane yana kan "sifiri, ɗaya, sifiri", wato babu karin kumallo, akwai na rana, babu na dare. Wannan maganar ita kaɗai ta isa a gina rahoto a kanta, muddin an samu waɗanda za su faɗi yadda suke yi, da likita ko masanin abinci da zai faɗi abin da hakan ke yi wa mai karatu.

Bayan nan sai allon sanarwa. Mutane na wucewa ta gabansa ba sa tsayawa, alhali a nan ake liƙa ranar rufe rajista, tarar wanda ya makara, jerin waɗanda aka kora, da sanarwar ƙarin kuɗin gado a ɗakin kwana. Ku ɗauki hoton kowace takarda tare da kwanan watanta. Shagon masu hoton takardu zai gaya muku nawa ake sayar da handawut, da ko akwai kwas ɗin da sai ka saya za a rubuta sunanka. A asibitin makaranta ku duba ko maganin da likita ya rubuta ana samunsa a ciki, tunda ɗalibi ya biya kuɗin lafiya a cikin rajistarsa. Da asuba ku tsaya a bakin famfon ɗakin kwanan ɗalibai ku ƙirga bokitai.

Sai unguwannin da ke kewaye da makaranta, inda dubban ɗalibai suke haya saboda gadajen ciki ba su isa ba: Samaru a Zariya, Ɗanbare a Kano, da makamantansu a kowane gari mai jami'a. A nan akwai labarin dillalai da kuɗin la'ada, da masu gida da ke karɓar hayar shekara cif ko da makaranta za ta kasance a rufe rabin shekarar, da ɗaki ɗaya da mutum biyar suke kwana.

Zaurukan WhatsApp na aji da shafukan Facebook na ɗalibai ma wuri ne, sai dai abin da aka gani a can jita-jita ce har sai an tabbatar. Ku ɗauke shi a matsayin alamar inda za ku nufa. Gani ya kori ji.

Ku bi sawun kuɗi

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin mafi yawan abin da ke damun ɗalibi, in aka bi shi a hankali, a kan kuɗi yake tsayawa, kuma kuɗi yana barin takarda a bayansa.

Kada wani ya raina ƙaramin adadi. A 1978, lokacin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini yana cikin abin da ya tayar da zanga-zangar da ta mamaye jami'o'in ƙasar nan, wadda ɗalibai suka yi ta neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayuka a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta wancan zamani. Ɗan jaridar da ya ga sanarwar kobo 50 ya ɗauke kai, ya wuce labari mafi girma na shekarar yana liƙe a bango.

A zamaninmu, babban abin bi shi ne bashin karatu na gwamnatin tarayya, wanda asusun NELFUND ke gudanarwa. An sake sa hannu a dokarsa a Afrilun 2024, aka buɗe shafin neman bashin a watan Mayu na wannan shekarar. Tsarinsa shi ne: babu kuɗin ruwa, kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye ga makarantar, ɗalibin da ya nemi kuɗin kashewa ana tura masa naira 20,000 a wata, biya kuma yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Kowane sashe na wannan tsari yana ɗauke da tambaya. Tunda kuɗin makaranta ba ya bi ta hannun ɗalibi, ta yaya yake sanin an biya masa? Wanda ya ciwo bashi a wajen dangi ya yi rajista kafin kuɗin asusun ya iso, ana mayar masa da nasa, kuma bayan wata nawa? Wannan ba zato ba ne, domin a 2025 ƙorafi a kan haka ya yi yawa har hukumar ICPC ta ce tana bincike. Naira 20,000 kwana nawa take kai ɗalibi a garinku? A makarantar da ke kusa da ku, mutum nawa suka nema, nawa suka samu, mata nawa ne a ciki? Akwai waɗanda suka ƙi nema don suna tsoron akwai riba a ciki, ko don iyayensu sun hana? In akwai, me malaman addini na garin suke cewa? Daga tsari guda mun fitar da labari shida, kuma kowannensu ana iya yin sa da waya da littafin rubutu.

Haka za ku yi da takardar kuɗin rajista. Jami'o'in tarayya suna cewa koyarwa kyauta ce, abin da ake biya kuɗin hidimomi ne, kuma da yawansu sun yi ƙari mai yawa a 2023. To, ku nemi takardar ta bana da ta shekara uku baya, ku ajiye su gefe da gefe. Za ku ga an rarraba kuɗin: na laburare, na wasanni, na asibiti, na intanet, na katin shaida. Ku ɗauki layi ɗaya ku bi shi. An karɓi kuɗin intanet daga kowane ɗalibi, shin akwai intanet ɗin? An karɓi na katin shaida, yaushe katin ya fito? Ku ninka kuɗin layin da yawan ɗaliban makarantar, adadin da zai fito shi ne zai zama kan labarinku.

A yi wa makarantu adalci kuma. A Afrilun 2024 an ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga masu rukunin A, inda ya kai naira 225 a kan kowane yunit a lokacin, kuma jami'o'i da dama sun koka cewa kuɗin wutar ya fi ƙarfinsu. Idan kun tarar ɗalibai na karatun dare da fitilar waya, ku tambayi ma'ajin makaranta nawa ake kawo masa takardar wuta a wata, nawa kuma gwamnati take ba shi na gudanarwa. Wataƙila laifin ba a inda ɗalibai suke nuna yatsa yake ba. Rahoton da ya nuna ɓangarorin biyu ya fi amfanar ɗaliban kansu, domin yana kai kukansu ƙofar da ta dace.

Gine-ginen da asusun TETFund ya yi galibi suna ɗauke da allo mai nuna shekarar da aka ware kuɗin aikin. Ku karanta allon, ku leƙa ciki. Ana amfani da ginin? Na'urorin da aka sayo suna aiki, ko suna cikin kwalayensu? Sannan tallafin karatu na jihohi: yaushe aka biya na ƙarshe, nawa ne, kuma nawa ɗalibi ya kashe wajen sayen fom da zuwa tantancewa kafin ya samu?

Idan jami'i ya ƙi ba da adadi, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Tana ba kowane ɗan ƙasa, ba ɗan jarida kaɗai ba, damar rubuta wa hukumar gwamnati takarda ya nemi bayani, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ku rubuta a taƙaice, ku faɗi ainihin takardar da kuke nema da shekararta, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. In kwanakin suka cika ba amsa, wannan shirun ma yana shiga cikin rahoto.

Bayan ƙura ta lafa

Kafafen labarai sukan yi rububi a kan abu kwana uku, su watse. Sabon ɗan jarida ba zai iya tsere da manyan gidaje a ranar da abu ya faru ba, amma bayan wata shida ko shekara biyu filin nasa ne shi kaɗai. Tambayar ita ce: ina suke yanzu?

Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, 2022. An rubuta komai a kan zaman sulhu da ministoci. Ɗaliban fa? Nawa ne ba su dawo ba da aka buɗe? Akwai waɗanda aka yi wa aure, akwai waɗanda suka kama kasuwa suka ga ba za su iya saki ba. Akwai kuma wanda jinkirin ya sa ya haura shekara 30 kafin ya kammala, ya rasa damar hidimar ƙasa, tunda doka ta ce mai irin waɗannan shekaru takardar yafewa ake ba shi. Mutum ɗaya irin wannan, in ya yarda ya yi magana, ya fi jawabin taron manema labarai goma nuna abin da yajin aiki ya ci.

A watan Maris na 2021 an sace ɗalibai 39 a Kwalejin Gandun Daji da ke Afaka a Kaduna. A Afrilun shekarar aka kwashi na Jami'ar Greenfield, aka kashe biyar a cikinsu. A Satumban 2023 aka shiga gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a unguwar Sabon Gida aka tafi da ɗalibai, yawancinsu mata. Waɗanda suka kuɓuta sun koma karatu? Wa ya duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu? Iyayen da suka sayar da gona ko gida sun farfaɗo? Alkawuran katanga da fitilu da jami'an tsaro da aka yi a lokacin, wanne aka cika? Haka ɗaliban Najeriya da aka kwaso daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, da yawansu 'yan Arewa masu karatun likita da ilimin addini: a wace makaranta suka ƙarasa, kuma daga wane aji aka ce su fara?

Irin wannan labari yana buƙatar tausayi. Wanda ya fito daga hannun 'yan bindiga ba kwa bin sa bashin hira. In ya ce ba zai yi magana ba, ku gode masa ku tafi.

Waɗanda ba a tambaya

Duk lokacin da kuka rubuta "ɗalibai sun ce", ku tsaya ku tambayi kanku waɗanne ɗalibai. Sau da yawa samari ne uku da aka tarar a bakin ƙofa, ko shugaban ƙungiya. Ɗaliba mai goyo da ke shiga ɗakin jarrabawa ta bar jaririnta a hannun ƙanwarta a ƙarƙashin bishiya, ba a tambaye ta ba. Makahon da ke neman wanda zai karanta masa handawut, da mai keken guragu da aka sa lakcarsa a hawa na biyu na ginin da ba shi da gangara, su ma haka. Ga ma'aikacin da ke karatun ƙarshen mako, ga ɗalibin kwalejin ilimi da aka tura koyarwar gwaji ƙauye da kuɗin aljihunsa, ga wanda ya gama shekara biyu da suka wuce har yau sakamakonsa bai fito ba saboda an ce takardar jarrabawarsa ta ɓata. Ni a ganina kwalejojin ilimi da na kiwon lafiya na jihohi sun fi kowa shan wannan wariya, domin 'yan jarida sun fi son ambaton manyan jami'o'i, alhali 'ya'yan talakawa sun fi yawa a waɗancan.

Yadda ake zaman tattara shawarwari

Ku zauna mutum huɗu zuwa shida, da allo ko babbar takarda, mutum ɗaya yana rubutu. Zaman kashi biyu ne, kuma kada a gauraya su. A kashin farko, na kamar minti ashirin, kowa ya faɗi abin da ya zo masa, a rubuta, ba musu ba dariya. Da zarar an kushe shawarar mutum ɗaya, sauran za su kama bakinsu, musamman mata da masu ƙarancin shekaru a gaban manya. Saboda haka ya fi kyau kowa ya fara rubuta uku a takardarsa shi kaɗai kafin a buɗe baki, kuma babba a zaman ya yi magana a ƙarshe. In tunani ya tsaya, mai jagora ya jefo tambaya: me ya ba ka haushi a makon nan? Me ɗanka ko ƙanwarka ta kira ta nema a gida? Me ya canza daga bara zuwa bana?

Kashi na biyu shi ne sheƙewa, kamar yadda ake sheƙe hatsi bayan sussuka, ƙaiƙayi ya tafi tsaba ta zauna. Kowace shawara a yi mata tambayoyi. Sabon abu ne, ko an sha faɗa? In an sha faɗa, me za mu ƙara? Mutum nawa ya shafa? Za mu iya tabbatar da shi da takarda, ko da idonmu, ko da bakin mutum biyu da ba su haɗa baki ba? Muna da kuɗin mota da lokacin da zai ci? Wa zai iya cutuwa in ya fito? Shawarar da ta tsallake, a rubuta ta a jimla ɗaya, a sa sunan wanda zai yi da ranar kawowa. Wadda ba ta tsallake ba kada a yar da ita. A ajiye littafi na musamman, domin abin da bai nuna ba yau yana iya nuna bayan wata uku.

Labaran da ke ƙona hannu

A kowane zama sai wani ya kawo maganar malaman da ke neman ɗalibai mata da lalata don maki, ko sayar da sakamako, ko digirin bogi. Labarai ne na gaske, kuma aikin jarida ya taɓa kawo gyara a kansu. Binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a Oktoban 2019, wanda Kiki Mordi ta gabatar, ya sa an dakatar da malamai a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. A Disamban 2023 Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, kuma kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo.

Sai dai waɗannan ayyuka sun ci watanni, kuma akwai editoci da gidajen jarida tsaye a bayan masu yin su. Ban yarda wanda ke matakinku ya ɗauki ɓoyayyiyar kyamara ya shiga ofishin malami shi kaɗai ba. Zargi ba tare da hujja ba yana iya rusa mutumin da bai ji ba bai gani ba, ya kai ku kotu a kan ɓata suna, ya kuma bar ɗalibar da ta amince da ku a tsakiyar rana. Akwai hanyar shiga batun wadda ta fi dacewa da ƙarfinku: shin makarantar tana da rubutacciyar ƙa'ida a kan cin zarafi? Ɗalibai sun san da ita? Wane ofishi ake kai ƙara, kuma mace ce ko namiji ke zaune a ciki? Ƙara nawa aka kai cikin shekara uku, nawa aka kammala? Babu sunan kowa a nan, amma amsoshin za su nuna ko ɗaliba tana da inda za ta kai kukanta.

Ku tuna kullum cewa ɗalibi yana ƙarƙashin ikon waɗanda yake ƙorafi a kansu. Maki da gado da takardar kammalawa duk suna hannunsu. Ko magana a intanet tana iya jawo masa abin da bai zata ba: a Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da aka yi ta kiraye-kiraye kafin aka janye ƙarar. Don haka kafin ku naɗi muryar ɗalibi, ku gaya masa a fili inda za ta fita. In ya nemi a sakaya sunansa, ku sakaya har da sashensa da ajinsa, domin a ajin da mata uku ne kacal, cewa "wata ɗaliba 'yar aji uku" daidai yake da kiran sunanta. Wanda ake zargi kuma a ba shi dama ya kare kansa kafin a buga, ba bayan an buga ba.

Aikin wannan mako

1. Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya ziyarci babbar makaranta mafi kusa, ya yi aƙalla awa biyu a wurare biyu daga cikin waɗanda aka ambata a sama. A wannan ziyara kallo da sauraro kawai za a yi, a rubuta abin da aka gani da abin da aka ji, a kuma ɗauki hoton sanarwar da aka tarar a allo.

2. Bayan dawowa, a yi zaman tattara shawarwari da kashinsa biyu. A fitar da aƙalla goma sha biyar a kashin farko, a tace su zuwa uku.

3. Kowane ɗayanku ya ɗauki guda cikin ukun ya rubuta ta a jimla ɗaya mai siffar tambaya. A ƙarƙashinta ya rubuta irin ɗalibin da zai nema, adadin da zai ƙirga, takardar da zai nemo, da muƙamin jami'in da zai tambaya.

4. Ku zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan batutuwa ku matse shi yadda muka matse tsadar rayuwa: shaye-shaye, satar jarrabawa, zaɓen ƙungiyar ɗalibai.

5. Ku rubuta takardar neman bayani, wadda ba ta wuce layi goma ba, zuwa ga magatakardar wata jami'ar tarayya, kuna neman yawan gadajen kwanan ɗalibai da yawan ɗaliban da suka yi rajista a shekarar karatu da ta gabata.

Ku zo da littattafanku da hotunan sanarwar da kuka ɗauka a zama mai zuwa, domin da shawarwarin da kuka kawo za mu koyi tsara tambayoyin hira.